Wai Celestine Babayaro ya kai yadda manya ke kururuta shi?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar tamaula. Gardama ce ta sarƙe tsakanina da kawuna jiya da daddare a teburin mai shayi, har shayina ya huce ban kurɓa ba. Hira muke a kan lamba 3 na Super Eagles, wato mai tsaron baya na hagu, na ce ni tun da na yi wayo ban ga kamar Zaidu Sanusi ba, in kuma za a ɗan koma baya to Taye Taiwo. Kawu ya ajiye kofinsa ya ƙare min kallo, ya ce, "Yaro man kaza. Wanda bai ga Babayaro ba ai bai ga lamba 3 ba." Duk dattawan da ke kan benci suka goya masa baya, ni kaɗai na zama saniyar ware.

Ni a 2001 aka haife ni, ban riski wasansa ba. Da na koma gida na duba a waya, sai na ga wasa 27 kacal ya yi wa babbar tawagar Najeriya, ko ƙwallo ɗaya bai ci mata ba. Taiwo kuwa ya haura wasa 50. To ina girman yake? Kawu ya ce ɗan Kaduna ne, shi ma ban gaskata ba sai da na gani a rubuce. Don Allah waɗanda suka kalle shi da idonsu su warware min: ya kai yadda ake faɗa, ko kuwa irin abin nan ne na manya, komai na da ya fi na yanzu, har ruwan randa? Ranar Juma'a za mu sake haɗuwa da Kawu, ba na son in je hannu rabbana.

Tsohon Lamba Uku:

Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar ka da karin magana bai yi maka bayani ba. Bari in gwada. Ni tela ne a Tudun Wadar Kaduna, kuma da ƙuruciya lamba 3 nake buga wa ƙungiyar unguwarmu. Bahago ne ni a ƙafa, shi ya sa duk wanda ya tsaya a wannan gurbi nake zuba masa ido fiye da masu cin ƙwallo.

Ɗan Kaduna ne, a nan aka haife shi ranar 29 ga Agusta 1978. Kuma ba shi kaɗai ba. Cikin mutum 18 da suka je gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, biyar haifaffun garin nan ne: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, shi Celestine, da yayansa Emmanuel wanda gola ne. Lokacin in ka ce kai ɗan Kaduna ne a wurin hirar ƙwallo, gyara zama ake yi.

Ka fara riƙe shekarunsa, don a nan duk maganar take. A 1993 yana cikin yaran Fanny Amun da suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan, su Kanu da Wilson Oruma, suka doke Ghana 2-1 a wasan ƙarshe. Daga Plateau United ta Jos sai Anderlecht ta Beljiyam ta ɗauke shi a 1994. A watan Nuwamba na shekarar nan ya buga gasar zakarun Turai da Steaua Bucharest yana ɗan shekara 16 da 'yan watanni, ba a taɓa yin mai ƙarancin shekarunsa a gasar ba, kuma ya riƙe wannan tarihi har shekara 26, sai a 2020 Moukoko na Dortmund ya karɓe. Abin dariyar, a wannan wasan aka ba shi jan kati tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Halinsa ke nan tun farko, in ya shiga tsakanin mutum da ƙwallo ba ya tambayar sunan mutumin. Kada wani ya taso min da zancen shekarun ƙwallo, abin da ke takarda na faɗa.

Yanzu Atlanta. Ka ce bai ci wa Najeriya ƙwallo ba. Wayarka ba ta lissafa Olamfik a cikin wasannin babbar tawaga, shi ya sa ka ga sifili. A wasan kwata-fainal da Meziko, Okocha ya fara ci, Babayaro ya ci ta biyu ana dab da tashi. Da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe, sun ci mu tun minti na farko, shi ne ya kutsa ta hagu ya bugo ƙwallo da ƙarfi cikin da'ira, Roberto Carlos ya kai ƙafa ya zura a ragarsu. Roberto Carlos fa, wanda duniya ke cewa babu lamba 3 kamarsa. Mutane Kanu kawai suke tunawa a wannan dare, kuma ya cancanta, don muna baya da 3-1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90 sannan ya ci ta raba gardama a ƙarin lokaci. Amma da babu waccan ta farko, da lissafin bai kai ba.

Ranar wasan ƙarshe da Ajantina, Asabar 3 ga Agusta, ba zan manta ba. Bayan isha'i ne a wurinmu, damina ta yi nisa, an ɗauke wuta tun la'asar. Maigidan da nake koyon ɗinki a wurinsa ya ciro batirin motar maƙwabcinsa, muka jona wa wata ƙaramar talabijin marar kala a cikin shago, aka ture kekunan ɗinki jikin bango. Mun fi mutum talatin, wasu a bakin taga, wani yaro a kan teburin yanka. Ko zama ba mu gama yi ba Claudio López ya ci mu a minti na 3. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Ka san su wa ke bayan Ajantina ranar? Ayala, Sensini, Chamot, Zanetti, manyan da ke taka leda a Italiya. Minti na 28 aka ɗago ƙwallo cikin da'ira, sai ga ɗan yaron nan da ya kamata a ce yana can baya yana tsaro ya taso a tsakiyarsu ya sa mata kai, ta shige raga. Ya ruga ya yi alkafurar nan tasa. Ni kuma da na yi tsalle na taka wayar batiri, hoto ya ɗauke, na sha ranƙwashi a wurin maigida har sau biyu kafin a mayar. Ban ga maimaicin ƙwallon ba sai washegari. Sauran labarin ka san shi: Crespo ya ci da fenareti, Amokachi ya farke, Amunike ya ci ta uku a minti na ƙarshe, 'yan Ajantina na ɗaga hannu wai satar gida, alƙalin wasa Collina ya nuna tsakiya. A daren nan saura kwana 26 Babayaro ya cika shekara 18.

To me ya sa wasa 27? Siyasa ta ci rabonsa kafin ciwo ya ci. A Janairun 1996 Janar Abacha ya hana Super Eagles zuwa kofin Afirka a Afirka ta Kudu, saboda cacar bakin da ta tashi da Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa. Mu ne ke riƙe da kofin kuwa. Hukumar CAF ta hukunta mu, ta hana mu na 1998 a Burkina Faso. Gasa biyu ke nan da wasannin neman gurbin ta biyun, duk suka wuce a daidai lokacin da yaron ke tashe. Wasan sada zumunta ma ba kowace ƙasa ke son yi da mu ba a shekarun nan. Duk da haka ya je kofin duniya sau biyu, Faransa 1998 da Koriya da Japan 2002, kuma yana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000, ranar da fenaretin Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya faɗa cikin layi alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta tafi da kofi. Wannan ciwo har yau bai warke min ba, bari in tsaya nan kafin in ɓata wa wata atamfarta.

Shuɗi Har Abada:

Baba tela Allah ya ƙara lafiya, ka tuna min da ƙuruciya. Bari in ƙara ta ɓangaren Chelsea, don ni saboda Babayaro na fara goyon bayanta, lokacin da duk Kano in ba Arsenal ta Kanu ba to Manchester. A gidan kallon unguwarmu mu uku ne kacal 'yan Chelsea, ana mana dariya.

Ruud Gullit ne ya sayo shi daga Anderlecht a 1997 kan fam miliyan 2.25, kuɗin da kulob ɗin bai taɓa biya a kan matashi ba a lokacin. Sai dai a bazarar nan Chelsea ta dawo da Graeme Le Saux, lamba 3 na Ingila. Shekaru suka yi suna karɓa-karɓa, wani lokaci a tura Babayaro gaba ya buga gefen hagu na tsakiya, Le Saux na bayansa. Ciwo ya hana shi wasan ƙarshe na kofin Turai na Cup Winners' Cup da Stuttgart a 1998 da Zola ya ci, amma ya buga Super Cup da aka doke Real Madrid 1-0 a Monaco. A 2000 shi ne lamba 3 a wasan ƙarshe na kofin FA da Aston Villa, na ƙarshe da aka yi a tsohon filin Wembley, Di Matteo ya ci. Dubi waɗanda ya tsaya a layi ɗaya da su ranar: Desailly da Leboeuf, masu riƙe da kofin duniya, ga Deschamps a gabansu, ga George Weah a gaba. Ba a ajiye mutum cikin irin waɗannan don tausayi.

Gaskiya kuma ɗaya ce, akwai daren da ya ƙona mana rai. A wannan kaka ta 2000 mun ci Barcelona 3-1 a Stamford Bridge a gasar zakarun Turai, muka je Camp Nou, wasa ya kai ƙarin lokaci, ya kwashe Figo a cikin da'ira. Jan kati, fenareti, Rivaldo ya ci, aka tashi 5-1. Kwana uku ban bi ta ƙofar gidan kallo ba.

Ɗan Kurna, in kawunka ya kawo zancen barinsa Chelsea, ga yadda aka yi. Abramovich ya sayi kulob a 2003, kuɗi ya shigo, aka sayo Wayne Bridge daga Southampton. Da Mourinho ya zo a 2004, ko Bridge ɗin ma wani lokaci benci yake, Gallas ake sawa a hagu. Babayaro ya ga ba wuri, a Janairun 2005 ya koma Newcastle wurin Graeme Souness. Wata huɗu bayan tafiyarsa Chelsea ta ɗauki kofin Firimiya, na farko cikin shekara 50. Shekara bakwai da rabi yana noma, ranar girbi ba ya gona. Wasa kusan 200 ya yi mana.

Mai Faɗin Gaskiya:

Ku yi haƙuri manya, ni ban yarda a rufe yaron nan da daɗin labari ba. Ɗan Kurna, ba ka yi kuskure sosai ba, kar ka bari a tsorata ka da furfura.

Baba tela ya ɗora wa Abacha da CAF laifi, na yarda da rabi. Amma wa ya kore shi daga sansani a 2004? A gasar kofin Afirka ta Tunisiya, bayan Maroko ta ci mu 1-0 a wasan farko, koci Christian Chukwu da hukumar ƙwallo suka sallami mutum uku saboda saɓa dokar sansani: Babayaro, Yakubu Aiyegbeni da Victor Agali. Yakubu ya dawo daga baya ya ci gaba da ci wa ƙasa ƙwallaye har kofin duniya na 2010. Babayaro daga shekarar nan shi ke nan, yana da shekara 25. Wannan ba gwamnati ce ta yi masa ba. Mai tsaron baya a 25 ai lokacin ya fara sanin aikinsa.

Sannan a duba 1998 da kyau. Kowa na tuna ƙwallon Oliseh a ragar Sifaniya, ba a son tuna Denmak da ta yi mana 4-1. Wa ke baya ranar? Ba aljanu ba ne. Babayaro ɗan hari ne da aka ba rigar tsaro, in ya tafi gaba sai Allah ya dawo da shi.

Taiwo kuwa, Marseille ta ɗauke shi daga Lobi Stars a 2005 ya gaji gurbin Lizarazu, ya riƙe shi shekara shida ba mai girgiza shi. A kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a Holan, Messi ne gwarzo, Mikel na biyu, Taiwo na uku, yana mai tsaron baya. Ya ci lig ɗin Faransa a 2010, shi ya ci ƙwallon da ta ba Marseille kofin lig a 2011 a kan Montpellier, AC Milan ta ɗauke shi. In ya tsaya bugun tazara masu katanga addu'a suke yi. Eh, a Milan bai yi abin kirki ba, daga nan ya shiga yawon kulob-kulob har Finland. Amma in ana maganar wanda ya daɗe yana yi wa ƙasa aiki, Taiwo ya fi. Kuma dukansu biyu ba wanda ya ɗaga kofin Afirka. Ben Iroha ya ɗaga a 1994, Echiejile ya ɗaga a 2013, ba mai ambatonsu a teburin shayi.

Bakabe:

Ni dai a bar min Zaidu, ɗan Jega ne, namu ne. Daga ƙananan kulob na Fotugal ya taso, Mirandela, Santa Clara, har Porto a 2020. Ranar 7 ga Mayu 2022 shi ya ci Benfica a gidanta a ƙarin minti, ƙwallon da ta ba Porto kofin lig. Ya buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Kurosinsa ne kawai wani lokaci sai ka ce da 'yan kallo yake wasa, wannan ko mu 'yan garinsu muna faɗa.

Tsohon Lamba Uku:

Mai Faɗin Gaskiya, sunanka ya bi ka, kuma ban musa zancen Tunisiya ba. Na ji haushinsa a lokacin, har na ce ba zan ƙara kare shi a majalisa ba, ga shi yau ina yi. Maganar ba ya dawowa baya da wuri ita ma akwai ƙamshin gaskiya, amma ranar Denmak kada ka ware mutum ɗaya, tawagar gaba ɗaya tunanin Brazil take yi tun ba ta tsallake wanda ke gabanta ba.

Inda muka rabu da kai shi ne ma'auni. Kai kana auna tsawon zama, ni ina auna inda mutum ya kai. Taiwo ƙarfi ne da harbi, na yarda, ko bango ya samu sai ya tsage. Amma ba shi da juyi, in ɗan gefe mai wayo ya zagaye shi sai ya ɗauki lokaci kamar tirela a kwana. Babayaro kuwa jikinsa kamar roba, ga gudu, ga tsalle duk da ba dogo ba ne, ga taɓa ƙwallo irin ta ɗan tsakiya. Wanda ya taɓa buga lamba 3 ya san wahalar a ce ka hau ka sauka minti 90 kuma ƙwallo ba ta tsalle a ƙafarka.

Abin da nake gani ya cinye shi, jiki ne. Yaron da aka fara haɗawa da ƙarti yana 16, gwiwa da cinya ba sa yafewa. A Newcastle rabin zamansa a ɗakin jinya ya yi shi, magoya bayansu suka dinga yi masa gori. Amma akwai abin da ya yi a can da ya sa na daina ganin ragonsa. A Fabrairun 2007 ƙaninsa ya rasu da tarin fuka, labari ya iske shi ana gobe wasa da Liverpool, ya ce a sa shi, ya buga, suka ci 2-1. A Disambar shekarar suka raba gari da kulob ɗin. Gullit, wanda ya kawo shi Chelsea, ya kira shi LA Galaxy a Amurka farkon 2008, ba a ma fara kaka ba suka sallame shi. Ka lissafa, ƙwallon kirki ta ƙare masa yana 29, shekarun da wasu ke karɓar kyaftin. A 2010 ya sanar da ajiye takalmi, a 2011 jaridun Ingila suka ɗauki labarin karayar arzikinsa. Wannan ba abin dariya ba ne, na ga 'yan kasuwar da suka fi shi lissafi sun shiga irinsa.

Ɗan Kurna, in kana son ka gane da idonka, kar ka nemi guntun bidiyon ƙwallaye. Nemi cikakken wasan Brazil na 1996, ka bar kallon Kanu da Okocha, ka bi gefen hagu kawai na rabin awa. Sannan ka tuna wanda kake kallo bai kai ƙaninka na sakandare ba.

Ɗan Kurna:

Na gode Baba, na gode Yaya Shuɗi, Mai Faɗin Gaskiya kai ma ka ba ni abin riƙewa. Na sauke wasan Brazil ɗin jiya, datata ta ƙare a minti na 60, hoton ma duk hazo, sai da na yi ta laluben wanda ke hagu. Na ga inda Roberto Carlos ya ci gida, na mayar sau huɗu. Ranar Juma'a zan biya wa Kawu shayi da ƙwai biyu, amma sai na fara tambayarsa wa aka kora daga Tunisiya, in ga ko zai ajiye kofi. Bakabe, Zaidu na nan a raina, kar ka ce na sayar da shi. Wanda ke da wasan Ajantina cikakke mai hoto garau ya taimaka ya turo min, na wurina daga minti na 30 ya fara.